Ƙafa a kan tablo: gardamar da ta tashi a zauren 'yan uwa

Sani Direba: Salamu alaikum jama'a. Wata magana ta tsaya mini a rai tun jiya. Na ɗauko wani saurayi daga Marwa zuwa Garwa, yana gidan gaba. Ko Salak ba mu kai ba ya tuɓe takalmi, ya kwantar da kujera, ya ɗora ƙafafu biyu a kan tablo, wato allon gaban mota da ke ƙarƙashin gilashi, har tafinsa yana taɓa gilashi. Na ce ya sauke, ya ce ai kuɗinsa ya biya. Na gangara gefen hanya na ce ko ya sauke ƙafa ko ya karɓi kuɗinsa. Na nuna masa hoton ƙashin nan da wani ɗan sanda na Birtaniya ya sa a intanet a 2020, na wata mata da ta ɗora ƙafa haka aka yi karo: ƙashin cinya ya karye, kwatangwalo ya bar mazauninsa. Ya sauke, amma har Figil bai ce mini uffan ba. To na yi laifi?

Alhaji Bappa: Wa alaikumus salam. Sani, motarka ce, ba wanda zai ce ka yi laifi. Amma hoton da ka nuna masa na Turai ne. Can motocinsu sababbi ne, kowace da balan-balan ɗinta a gaba, wato jakar iskar da ke fitowa in an yi karo, ita ce ke tashi ta karya mutum. Mu okaziyon muke shiga, ta gama shekara 15 ko 20 a hannun Bature kafin ta sauka Duwala ko Kwatano. Balan-balan ɗin ta mutu, ko an cire an sayar. Shekara 30 ina bin hanyar Garwa zuwa Njamena. Tunda ciwon suga ya kama ni ƙafata ke kumbura, in ban ɗaga ta ba, kafin mu kai Kusuri takalmi ba ya shiga. Kullum ina ɗorawa, kuma ga ni lafiya lau. A motocinmu na nan, ɗora ƙafa a kan tablo ba shi da wata illa.

Abba Ɗalibi: Baffa ya faɗi gaskiya. An bar jaki ana dukan taiki. Mutum biyu ake cusawa a kujerar gaba, huɗu a baya, wani lokaci har a raba kujera da direba. Ga ramukan Mora zuwa Dabanga, ga manyan motoci da ke tsayawa tsakiyar hanya da dare babu fitila sai ganye da aka zuba a kwalta, ga shanu. Waɗannan su ke kashe mu, ba ƙafar wani ba.

Sani Direba: Abba, ramin Dabanga ba ni na haƙa ba, ba ni kuma zan cike ba. Ƙafar mutumin da ke gefena kuwa ina da ikon cewa a sauke ta.

Usta Ɗanjuma: Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, ka yi mini izini in shigo, don wannan aikin hannuna ne. Cewa erbag, wato balan-balan ɗin, na tsohuwar mota ya mutu, nan ne ban yarda ba. Ba iska aka hura aka ajiye ba balle ta sace da tsufa. Jaka ce a ninke, bayanta akwai gwangwanin ƙarfe da aka rufe ruf da wani sinadari a ciki. In motar ta ji bugu, wuta ke zuwa ta kunna sinadarin, ya fashe kamar albarushi, ya cika jakar. Gwangwanin nan yana iya shekara 20 yana jira, ranar da aka taɓa shi ya tashi. Motocin da ake jawo mini gareji bayan karo, Corolla da Avensis da suka girmi wasu yaran zauren nan, da yawansu jakar a waje nake samunta, ta tsaga tablo ta fito.

Kuma ku san irin fitowar da take yi. Gudunta yana kai wa kilomita 300 a awa, tana gama cika cikin ƙasa da kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, kafin ka ƙifta ido an gama. Ta gefen fasinja ta fi ta direba girma sosai, don tazarar da za ta cike ta fi yawa. An yi ta ne ta gama buɗewa sannan ƙirjinka ya iso ya same ta. In ƙafarka na kan murfinta, ƙafar za ta fara samu tun tana da dukan ƙarfinta, ta cilla maka gwiwa a fuska.

Alhaji Bappa: Usta, ka san ba na gardama da kai a kan mota. Amma kai ma ka san ana cirewa. Tawa Hilux na saye ta hannu na biyu, wa ya san abin da ke cikinta?

Usta Ɗanjuma: To ai shi ne, Alhaji, wa ya sani? Kai da ke da motar ba ka sani ba, balle wanda ya shiga motar haya a tasha. Akwai abin da ake dubawa. A kan tablo gefen fasinja za ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG. In ka murɗa makulli, wata fitila mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa za ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. In ta yi haka, abin yana da rai. In ta kama ta ƙi mutuwa, akwai matsala. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye wa mai saye. Har akwai masu sa wata 'yar dabara a waya fitilar ta riƙa nuna lafiya alhali an kwashe jakar. Ka ga ke nan ko fitilar ba ta isa shaida ba.

Abba Ɗalibi: Mu ɗauka an duba an tabbatar babu erbag. Kamar tsofaffin Hiace da ƙananan motocin da ke zuwa ƙauyuka. Ai sai maganar Baffa ta zauna.

Hadiza Nas: Ba ta zauna ba, Abba. Baffa, ka yi haƙuri da 'yarka, zan saɓa maka. Kowa ya tsaya a kan balan-balan, ni kuwa abin da ya fi damuna sentir ne, wato bel ɗin da ake ɗaurawa a kujera. Igiyar ƙasa ta sentir an yi ta ne ta kwanta a kan ƙashin ƙugu, domin shi ne ƙashin da zai iya ɗaukar nauyin jiki in mota ta tsaya farat ɗaya. Mai ɗora ƙafa a kan tablo dole ya zame gaba, ƙugunsa ya kwanta, igiyar ta bar ƙashi ta hau ciki. Da an yi karo sai jikin ya sulale ta ƙarƙashinta, ita kuma ta nutse cikin tumbi. Can kuwa hanji ne da hanta da saifa, bayansu ƙashin baya. Irin wannan raunin shi muka fi tsoro a asibiti, don mutum yana iya fitowa daga mota da ƙafarsa, yana cewa alhamdu lillahi ba abin da ya same ni, alhali jini na zuba a ciki. Sai bayan awoyi ciki ya ɗaure, a lokacin kuma wataƙila yana ƙauyen da babu mai yin tiyata.

Wanda bai ɗaura sentir ba kuma, ƙafafun ne ke fara fita ta gilashi. Ku tuna nauyin abin: karo a gudun kilomita 60 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 14, wato saman bene mai hawa huɗu. Ba mai erbag, ba marar erbag, wannan lissafin ɗaya ne. Ka zaɓi yadda kake so ka faɗo daga can, a zaune daidai an ɗaure ka, ko a kishingiɗe gwiwa na saitin haɓarka.

Malam Garba: Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Hadiza, in ƙashin ya karye ai muna da masu ɗori, sun sha gyara abin da asibiti ta ce sai an yanke.

Hadiza Nas: Malam, ban raina masu ɗori ba, kakana ma yana yi. Amma kara da tsumma ba sa kai wa ga kwatangwalon da ya goce ko kwarmin da yake zama a ciki in ya farfashe. Wanda ya goce, awoyi kaɗan ake da su a mayar da shi, in an yi jinkiri jini ya daina isa kan ƙashin, ya mutu a hankali. Karayar cinya kaɗai tana iya zubar da jini fiye da lita guda a cikin naman, ba tare da an ga ɗigo a waje ba. Na yi jinyar wata yarinya da ba ta kai 20 ba, amarya ce, suna dawowa daga biki ita da mijinta. Jaki ya shigo musu, gudun ma ba wani mai yawa ba. Mijin ya fito da ƙujewa a hannu. Ita da ta ɗora ƙafa saboda lallen da aka sa mata, ƙashin kumatu ya karye, haƙora huɗu suka zube, cinya ta karye. Wata uku tana kwance. Mota ɗaya, karo ɗaya.

Hajiya Dudu: Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya. Ni tun kafin in ji wannan ban taɓa son ɗabi'ar ba. Yaro ya miƙe ƙafa saitin fuskar direban da ya haife shi, ina tarbiyya a nan? Alhaji dai lalura ce, wannan daban. Amma tunda an zo nan, Usta, mu da muke rungume jikoki a gidan gaba fa?

Usta Ɗanjuma: Hajiya, wannan ya fi na ƙafar muni. Yaron da ke kan cinya yana daidai bakin jakar, kuma nauyinki zai danne shi ta baya. Yara a mayar da su baya.

Idi Njamena: Ni matsalata daban ce. Duk abin da aka faɗa na yarda. Sani ya iya tsayawa gefen hanya saboda motarsa ce, yaron kuma sa'an ƙaninsa ne. Ni mai gida nake tuƙawa. In mun kama hanyar Mundu, kusan kilomita 500, da mun wuce Gelendeng zai cire hula ya kwantar da kujera ya ɗora ƙafa ya yi barci. Da wane baki zan ce masa Alhaji sauke ƙafarka? Abincin iyalina a hannunsa yake. Kuma in wani abu ya faru, ni za a ce na karya shi.

Malam Garba: Ka faɗa masa tun kuna gida kafin a tashi, ba a hanya gaban mutane ba. Babba ba ya son gyara a bainar jama'a, amma yana son a nuna an damu da lafiyarsa.

Sani Direba: Idi, ni abin da nake yi wa manya, tun a tasha nake tura kujerar gaba baya har ƙarshe, in ce ranka ya daɗe ga wuri na buɗe maka ka miƙe ƙafa a ƙasa. In ya nemi ɗorawa sai in ce ka tausaya mini, ƙafar tana rufe mini madubin dama. Kuma ba ƙarya na yi ba, tana rufewa, a hanyar da 'yan moto ke shigo maka ta kowane gefe.

Alhaji Bappa: Na ji ku. Maganar sentir ban taɓa kawo ta a raina ba, Hadiza, Allah ya yi miki albarka. Amma ba ku ba ni amsar kumburina ba. Mai lafiyar ƙafa ba zai san abin da nake ji bayan awa biyar a zaune ba. Kuma har yanzu ina ganin a cikin gari, inda ake tafiya a hankali, ba komai.

Usta Ɗanjuma: Cikin garin ma, Alhaji. Bugun da ya kai kamar ka daki bango a gudun 20 zuwa 25 ya isa ya tayar da jakar. Daga gadar Binuwai zuwa babbar kasuwa wa ke tafiya ƙasa da haka? In kuna tsaye a layin gadar Ngeli an kashe mota ana jiran takardu, ɗora abinka. Da taya ta fara juyawa, a sauke.

Hadiza Nas: Baffa, kumburin gaskiya ne, kuma ba na so ka yi wasa da shi. Zama wuri ɗaya ke tara ruwa a ƙafa. Ku riƙa tsayawa duk bayan awa biyu ka sauka ka taka na minti biyar, ko a haɗa da lokacin salla. Kana zaune ka riƙa motsa idon sawu, kana ɗaga dunduniya kana saukewa. Akwai safa ta musamman mai matse ƙwauri, amma da yake kana da suga kada ka saya sai likitanka ya duba jijiyoyin ƙafar ya amince. In kuma ka ga ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, ƙwaurin na zafi, kada ka jira, a je asibiti ranar, don jini na iya daskarewa a jijiya.

Abba Ɗalibi: Na janye rabin maganata, Anti. Rabin kuwa ina nan a kai. Na biyun da ake cusawa a gidan gaba, wanda ke zaune kan birkin hannu babu sentir babu komai, shi wa zai yi magana a kansa? Yaya Sani, kai ma kana ɗaukar biyu a gaba.

Sani Direba: Ina ɗauka, Abba, ba zan musa ba. In na ɗauki ɗaya kuɗin mai ba ya fita, sai dai fasinja ya biya kujera biyu, kuma ba kowa ke iyawa ba. Abin yana damuna. Zan kai maganar wurin shugabanninmu na tasha ranar taro, in an yarda a daidaita kuɗin ni ne farkon wanda zai daina.

Alhaji Bappa: Usta, kana gareji ranar Asabar? Zan aiko yaro da Hilux ɗin ka duba mini fitilar nan. Laraba nake son tashi zuwa Njamena.

Usta Ɗanjuma: Ina nan, Alhaji. Ya zo da safe kafin rana ta yi zafi. Zan duba sentir na gefenka ma, na lura kwanaki ba ya komawa da kansa.