Safayar Hilux: in bar tsohuwar ko in sayi taya biyar?

Manomi daga Saminaka: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hilux ɗina tayoyinta sun suɗe, kuma ga damina ta kawo kai, hanyar gonarmu burji ce da laka. Asalin lambar girman tayoyinta 265/65 R17, ina so in ɗan ɗaga ta zuwa 265/70 R17. Mai shagon ya ce in sayi huɗu kawai, safayar da ke ƙarƙashi ai ba ta taɓa taka ƙasa ba. Wanda ya taɓa yin haka ya ba ni labari kafin in zuba kuɗi.

Direban Mambila: Wa'alaikumus salam. Alhaji, na yi wannan ƙwauron kuma na ji a jikina. Tsakanin lambobin nan biyu akwai bambancin tsayi na kusan milimita 27. A ido kamar ba komai ba ne. Mun fito daga Nguroje da lodin dankali tayar baya ta fashe, na ɗaura ƙaramar safaya, ga hawa ga santsi, dole na sa 4H, wato giyar da ke sa tayoyi huɗun duka su ja. A cikin taɓo lafiya lau, don tayoyin suna samun zamewa. Da muka hau busasshen wuri sai sitiyari ya yi nauyi, motar tana gurnani daga ƙasa, giyar ma ta ƙi fita sai da na yi ribas. Bakanike ya yi mini bayani daga baya: a 4H gaba da baya ɗaure suke, tilas su juya tare, ita kuwa gajerar taya tana son ta fi sauran gudu, sai ƙarfe ya ɗauki wahalar. Tun daga ranar nan, taya biyar nake saye.

Mai faci, bakin tasha: "Ba ta taɓa taka ƙasa ba" ɗin nan shi ke kawo mini kwastoma da tsakar dare. Yallaɓai, sauko da ita ka duba gefenta, wajen da aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne haihuwarta: in ka ga 2316, mako na 23 ne na shekarar 2016. Jiya-jiyan nan aka kawo mini wata, zanenta raɗau har da gashin sabunta, amma da na danna gefen da babban yatsa sai tsaga ƙanana suka buɗe kamar faso. Iska ma babu, kuma sarƙar da ke riƙe ta ta yi tsatsa, sai da muka jiƙa ta da baƙin mai.

Ɗan Agadas: Mu nan safaya ɗaya ba safaya ba ce. Kat-kat, wato mota mai ja da tayoyi huɗu, da za ta kama hanyar Dirku ta cikin hamada biyu take ɗauka, da tiyub, da famfo. Land Cruiser tamu 7.50 R16 muke sa mata, siririya mai kaurin gefe, saboda a rairayi sai ka rage iska ta baje, in ka fito kan duwatsu ka mayar. Taya mai laushin gefe ba ta jure wannan. Abu ɗaya kuma: kada ka ga rim mai araha ka ɗauka ba ka ƙirga ramukansa ba. Hilux noti shida ce, Land Cruiser 79 biyar. Na ga wanda ya gano haka a tsakiyar hamadar Tenere, da jak a ƙarƙashin mota.

Hajiya mai gidan gona: Ni kukana a kan na gwanjo ne. Direbana ya kawo wasu masu kyan zane, da hoton dutse da ƙanƙara a jiki. Ashe na lokacin sanyin Turai ne, robarsu laushi gare ta. Bazara ɗaya a kwaltar Kano zuwa Haɗeja suka cinye.

Direban Mambila: Hajiya ta tuna mini. Alhaji, kada manyan haƙoran MT, wato tayoyin laka, su ruɗe ka. A laka babu kamarsu, amma a kwalta kuka suke yi kamar injin niƙa, ga shan mai. In rabin tafiyarka titi ce, AT, wadda aka yi don titi da burji duka, ta ishe ka. Ka dai duba lambar lodi da ke bayan girman: 112 na nufin kilo 1,120 kowace taya, 121 kuma 1,450. Mai ɗaukar buhunan masara ya san wadda zai zaɓa.

Manomi daga Saminaka: Na gode, Allah ya saka. Na sauko da safayar yanzu, 4115 ke jikinta, geji bai ma motsa ba da na gwada. Baba mai faci, in na sayi biyar ɗin, babbar za ta shiga mazaunin ta ƙarƙashi kuwa?

Mai faci, bakin tasha: Ka sa a ɗaga ta a gabanka kafin ka biya, ka leƙa ko tana gogar salansa. Ka zo da man giris don sarƙar.