Yaya ake gane iyafis mai kyau kafin a biya kuɗi?

Baƙon Zaure:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sauti a kan iyafis irin wanda ake cusawa cikin kunne, mai 'yar roba a bakinsa. Makonni uku da suka wuce na sayi guda a wani shago. Mai shagon ya jona shi a wayarsa, ya kunna mini waƙa, na ji sautin ya cika kunne, na biya ba tare da dogon ciniki ba. Da na dawo gida na sa shi a tawa wayar, sai na ji sautin ya zama siriri kamar na ƙaramar rediyon da batirinta ya yi sanyi. Na kunnen hagu ba ya yin minti goma sai ya sulluɓo, musamman idan ina magana ko ina tauna wani abu, na dama kuwa yana zama daram, amma bayan kamar awa ɗaya sai kunnen ya fara zugi.

Aikina shi ne rubuta hirarrakin da aka naɗa, saboda haka nakan yi awa huɗu zuwa biyar a rana da abin a kunne, ban da karatu da labaran da nake saurara a Adaidaita Sahu a hanyar wurin aiki. Shin jabu aka sayar mini, ko kuwa kunnena ne bai dace da irin wannan iyafis ba? Idan kuma zan sake saye, me ya kamata in duba kafin in miƙa kuɗi?

Mai Gyaran Waya:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar yanke hukuncin jabu ne, domin abin da ka bayyana ya fi kama da matsalar roba. Irin wannan iyafis ba ya ba da sautinsa na gaskiya sai robar ta toshe ramin kunne ruf, ta yadda iskar da ke tsakanin 'yar sifikar da dodon kunne ba ta da mafita. Da zarar an sami kafa, ko da ba ta kai ƙofar allura ba, kaurin sautin, wanda masu kiɗa ke kira bes, shi ne yake fara tserewa, a bar mutum da kaifi zalla. Shi ya sa iyafis mai tsada da bai zauna ba yakan yi sautin da bai kai na mai araha da ya zauna ba.

Ga gwajin da nake yi wa masu kawo mini irin wannan ƙorafi a shago. Ka sa iyafis ɗin, ka kunna kiɗa mai ganga, sannan ka ɗan danna shi ciki da yatsa. Idan kaurin ya dawo yayin da kake dannawa, ya kuma ɓace da ka saki, to iyafis ɗin lafiyarsa ƙalau, robar ce ba ta yi daidai da kai ba. Gwaji na biyu ba ya buƙatar kiɗa: ka rufe baki ka yi gunji a hankali. Idan toshewar ta yi, za ka ji muryarka tana amsa kuwwa a cikin kanka, kuma ƙarar fanka ko ta janareton maƙwabta za ta ja baya nan take.

Ka duba kwalin da ya zo a ciki, yawanci akwai robobi girma uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, kuma matsakaiciyar ce ake barowa a jiki daga kamfani. Mutane da yawa sukan jefar da kwalin da sauran robobin a ciki. Babu dokar da ta ce kunnuwa biyu su sa girma ɗaya, domin ramukan kunnen mutum ba safai suke zuwa daidai ba, kuma bayaninka ya nuna na hagu yana neman babba, na dama yana neman ƙarama. Sulluɓowar da yake yi lokacin tauna ma tana da dalili, saboda gaɓar muƙamuƙi tana dab da ramin kunne, duk motsin da ta yi sai siffar ramin ta ɗan canza. Wajen sawa, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai, ka ja saman kunnen sama da baya kaɗan don ramin ya miƙe, ka cusa kana ɗan murzawa, sannan ka saki.

Idan zugin na dama bai daina ba bayan ka rage girman robar, to a nan ne za a zargi iyafis ɗin kansa: ko dai bututunsa ya yi wa raminka kauri, ko kuma ƙoƙonsa yana danne guringuntsin kunne. Wannan babu robar da za ta gyara shi.

Malamin Kimiyya:

Na amince da abin da ɗan'uwa Mai Gyaran Waya ya faɗa, zan ɗora ne a kan abin da ya faru a shagon, domin ina zaton ƙara ce ta rinjaye ka. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kaurin sauti sosai idan ƙarar ta yi ƙasa, amma da an ɗaga ta sai kaurin ya bayyana. Ma'anar wannan ita ce duk iyafis ɗin da aka ƙure masa ƙara zai yi kamar ya fi cika da armashi, kuma a hayaniyar kasuwa dole ne a ƙure. Ƙari a kan haka, wayoyi da dama suna da ikwalaiza a ciki, wato wurin ƙara ko rage kauri da kaifin sauti, mai yiwuwa ta mai shagon an ɗaga mata bes. Saboda haka ka riƙa gwadawa a wayarka, da ikwalaiza a kashe, kuma idan kana kwatanta guda biyu ka daidaita ƙararsu da kunne tukuna, kada ka dogara da lambar da ke kan allo, domin wani iyafis ya fi wani saurin ɗaukar ƙara.

Batun ingancin sauti kuwa, akwai abin da ya kamata ka sani tunda muryoyi ne aikinka. Kunne yana ji daga Hz 20 zuwa kusan Hz 20,000 (Hz ma'aunin kauri ko kaifin sauti ne, ƙaramar lamba kauri, babba kaifi), amma kunnen waje da ramin kunne, wanda tsawonsa kusan santimita biyu da rabi ne, suna ƙara wa sautin da ke wajen Hz 3,000 ƙarfi da kansu. Idan aka cusa iyafis, an tsallake kunnen waje an kuma toshe ramin, don haka wajibi ne mai ƙera shi ya mayar da wannan ƙarin a cikin na'urar. Idan ya gaza, sai murya ta fito kamar mai magana ta bayan labule. Idan ya zarce, sai ta zama tsawa mai gajiyar da kunne. Masu bincike na kamfanin kayan sauti na Harman, a ƙarƙashin jagorancin Sean Olive, sun gwada masu sauraro da yawa sun fitar da wani ma'auni na sautin da akasarin mutane suka fi so, kuma yanzu hatta masu ƙera iyafis mai araha a Sin suna bin sawunsa. Sai dai ma'aunin ra'ayin mafi rinjaye ne, ba lallai ya zama naka ba.

Ka tafi kasuwa da abubuwa uku a wayarka waɗanda kunnenka ya haddace. Na farko muryar mai karanta labarai ko makarancin da ka saba ji, ka kasa kunne ga haruffan s da sh da ts: idan suna sukar kunne kamar ana tsaga takarda, kaifin ya yi yawa, kuma abin da ka jure na minti biyu ba za ka jure shi na awa huɗu ba. Na biyu kiɗan kalangu, domin makaɗi yana matse tsirkiya yana saki, sautin yana hawa yana sauka. Iyafis mai kyau zai bar ka ka bi wannan maganar ta kalangu, mara kyau kuwa zai haɗe ta duka ta zama dum-dum ɗaya da ke danne muryar mawaƙi da ta 'yan amshi. Na uku goge ko kukuma, ka ji ko kana iya rarrabe gogar izga da kukan kayan. Kada ka yi gwaji da tsohon faifan da aka kwafa daga kaset ya yi ta yawo a WhatsApp, saboda an riga an matse shi, babu iyafis ɗin da zai fito da abin da babu.

'Yar Damagaram:

Malamai sun yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a kan gwajin shago baki ɗayansa. Ciwon da Malam yake kuka da shi sai bayan awa ɗaya yake zuwa, kuma babu mai shagon da zai ba ka kujera ka zauna awa ɗaya. Ni kunnuwana ƙanana ne, na sha sayen abin da ya yi daɗi a minti biyar ya koma azaba kafin la'asar. Abin da na koya shi ne in yi yarjejeniya da mai kaya tun kafin biya cewa zan iya canzawa washegari idan bai zauna ba, in kuma tafi da robobina da na saba da su, wanda hakan ya fi tsafta a kan cusa robar da wasu kunnuwa suka riga suka gwada.

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, wato ƙarar igiya. Idan robar ta toshe sosai, duk gogar da igiyar ta yi da tufafi sai ta taho har cikin kunne, mu masu sa hijabi mun fi kowa sanin wannan. Irin wanda igiyarsa ke zagaya bayan kunne ya fi sauƙin wannan matsala, kuma nauyin igiyar ba ya fizgo shi.

Malam, ka lura da ƙara a cikin Adaidaita Sahu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babban mutum a desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Kai da aiki kaɗai kana cin fiye da awa 20. Amfanin toshewa mai kyau a nan shi ne ba sai ka ƙure ƙara don ka rinjayi injin ba, amma ka cire ɗaya idan za ka tsallaka titi.

Baƙon Zaure:

Allah ya saka muku da alheri. Na sami kwalin a ƙarƙashin gado, robobin suna ciki a 'yar leda. Na sa babba a hagu da ƙarama a dama, kaurin ya dawo har sai da na rage ƙara da layi uku, kuma jiya na yi awa uku ina aiki ba tare da zugi ba. Saura abu ɗaya: a hirar wata baiwar Allah mai siririyar murya, haruffan s suna sukar kunnena kamar yadda Malamin Kimiyya ya kwatanta. Na ji ana maganar irin na soso maimakon roba, ko zai taimaka?

Mai Gyaran Waya:

Zai iya taimakawa, Malam, domin soso yakan ɗan dakushe kaifi, kuma yana bin siffar ramin kunne. Ana murza shi da yatsu ya tsuke, a cusa, a riƙe na kusan daƙiƙa 20 har ya kumbura. Aibinsa shi ne yana shan gumi da dattin kunne, ba ya jure wanki kamar roba, kuma cikin 'yan watanni yake mutuwa, balle a zafin bazara. Kafin ka saya ka tafi da iyafis ɗin a gwada a bututunsa, saboda ramin soson ba girma ɗaya ba ne, wanda ya yi sako-sako kuma yana iya zarewa ya maƙale a kunne. Ka kuma duba 'yar ragar da ke bakin bututun a cikin haske, idan ƙura ta fara taruwa ka share ta da busasshen buroshin haƙori, bakin yana kallon ƙasa.