Windows 11 ta ƙi hawa kwamfutata, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon ɗaukar hoto kusa da Terminus a nan Jos, kuma ina so in sa wa kwamfutar aikina Windows 11. Na haɗa filashin sa Windows ɗin da manhajar Rufus, komai ya tafi daidai har wurin zaɓar fatishan, wato ɓangaren faifan ajiya da za ta hau. Nan ta tsaya, wai faifan a tsohon tsarin rabon faifai yake, wato MBR, ita kuma sabon tsarin, GPT, take buƙata tunda da UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta) na tayar.

Na gwada mbr2gpt, umarnin da ke mayar da faifai daga MBR zuwa GPT ba tare da goge komai ba, ya ƙi. Faifan fatishan huɗu gare shi: System Reserved, C, D da na Recovery, shi kuwa mbr2gpt ba ya karɓar fiye da uku. Wani mai gyara ya ce in buga clean a diskpart, manhajar sarrafa faifai ta Windows, amma wannan umarnin faifan gaba ɗaya zai share. A D ɗin nan hotunan bikin mutane suke, wasu amaren ko karɓar nasu ba su yi ba, kuma ba ni da inda zan kwashe su yanzu.

To idan na goge Recovery kaɗai, mbr2gpt zai wuce ba tare da ya taɓa D ba? Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ya faɗa min.