Wace kalma ta dace da bilbod, kuma me za mu kira takardar izininsa?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harshe da 'yan kasuwa. Masu shaguna a garinmu, kan hanyar Ringim zuwa Gujungu, sun nemi a rubuta musu bayani da Hausa game da kuɗin da ake karɓa a kan allunan shagunansu, sai kalmomin suka tsaya mana. A bakin mutane komai sambod ne, daga ɗan falankin da mai gyaran waya ya rataya a ƙofarsa har zuwa ƙaton ƙarfen da kamfanin sadarwa ya kafa a mararraba, wanda 'yan boko ke kira bilbod.

Maganar tana da tushe a doka. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da tallace-tallacen da ake kafawa a fili cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da shaguna da gidajen abinci, kuma dokar 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta ba ƙananan hukumomi kuɗin izinin alluna. Ke nan abin ya shafi ƙananan hukumomi 27 na Jigawa da 44 na Kano, amma yawancin masu biya ba su taɓa ganin sunansa a rubuce da harshensu ba. Shawarata ita ce mu ce "allon talla" ga bilbod, mu ce "izinin kafa allo" ga takardar. Ina jiran gyara.

Amsar wani tsohon malamin firamare

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka kawo wannan magana. Abin da ya ɗan tsaya mini a rai shi ne allo kalma ce mai daraja a wurinmu, domin a kansa muka fara karatun Alƙur'ani da tawada da alƙalamin kara, kuma ban so a wayi gari sunansa ya koma na abin da ake tallan lemo da sabulu a kai. Me zai hana mu ce "alama"? Na kuma ji wasu suna cewa "tallan waje" ga wannan fanni gaba ɗaya.

Amsar mai tambaya

Allah ya gafarta Malam, na fahimci damuwarka, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Sai dai Hausawa sun daɗe da faɗaɗa wannan kalma ba tare da darajar allon karatu ta ragu ba. Kai da kanka ka yi shekaru kana rubutu da alli a allon aji, muna da allon sanarwa a sakatariya da asibiti, yanzu har ana cewa allon kwamfuta. Duk wani shimfiɗaɗɗen abu da aka tanada domin a yi rubutu mutane su karanta, kunnen Bahaushe yana karɓarsa a matsayin allo. Ita kuwa alama tana da aikinta, kuma bai kamata mu ɗora mata wani ba: alamar hanya ita ce wadda hukuma ke kafawa ta nuna kwana ko makaranta ko nisan gari, babu mai shagon da ke biyan kuɗi a kanta. Idan muka haɗa su a suna ɗaya, mun rikita abin da ake biya wa kuɗi da abin da ba a biya.

"Tallan waje" kuwa ina ganin mu bar shi, domin duk wanda ya ji zai zaci tallan kayan ƙasar waje ake nufi. Akwai ma haɗarin da ya fi wannan. A ƙauye, idan aka ce talla, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne yarinya da farantin gyaɗa ko ƙwaryar fura a ka. Ranar da aka rubuta "kuɗin talla" a sanarwa, iyaye mata da ke sana'a a cikin gida za su ɗauka an sa wa tallan 'ya'yansu haraji, kuma ba za a rasa marar tsoron Allah da zai fake da wannan ya karɓi abin da doka ba ta ce ba. Saboda haka nake dagewa kalmar allo ta kasance a cikin kowane suna da za mu zaɓa.

Amsar wani mai sana'ar rubuta alluna daga Gumel

Yallaɓai, na yarda da allon talla, amma a wurin aikinmu kalma ɗaya ba ta isa ba. Wanda tela ko mai kemis ya sa a jikin shagonsa domin a san sunansa da sana'arsa, mu "allon shago" muke ce masa. Allon talla shi ne wanda ke tsaye da ƙafafunsa a gefen titi, sau da yawa mai shi daban, mai hayarsa daban. Sannan a karkara yawancin talla ba a allo yake ba, a jikin katanga ake rubuta shi da fenti, wani kuma fosta ce ake liƙawa, wani ƙyalle ne ake ɗaurawa tsakanin turaku biyu, musamman lokacin siyasa. Shi ya sa "kafa" ba za ta rufe duka ba.

Amsar mai tambaya

Na gode ƙwarai, ɗan'uwa, wannan bayani na mai sana'a ne. Rarrabewar da ka yi ita ce ainihin abin da hukumomi ke dubawa, domin allon da ke tsaye a bakin hanya yana iya tare wa direba gani, yana iya kusantar wayar lantarki, iskar farkon damina kuma tana iya kayar da shi a kan mutane, alhali na jikin shago ba ya ɗauke da wannan haɗari. To mu riƙe allon shago da allon talla a matsayin abubuwa biyu, na jikin katanga kuma mu ce "tallan bango". Takardar sai ta zama "izinin allo" kawai, mu bar kalmar aikin ta bi abin: a kafa, a rataya, a liƙa, a rubuta.

Saura lasisi, wadda wasu suka turo mini a keɓe. Ba na goyon bayanta a nan. Lasisi a fahimtar jama'a na mutum ne da sana'arsa, kamar na tuƙi, shi kuwa wannan izini na wani allo ne a wani wuri, idan aka matsar da shi ko aka ƙara masa girma magana ta canja. Haka kuma a bayaninmu za mu raba "izinin allo" da "rasit", domin mutane da yawa suna riƙe da shaidar biyan kuɗi suna zaton ita ce amincewar hukuma da wurin da suka kafa. Akwai kuma izini na dabam da ya shafi abin da aka rubuta a kan allon, wanda ke hannun ARCON, hukumar tarayya mai kula da harkar tallace-tallace, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON a 2022. Wannan sai mu kira shi "tantance talla", kada a gauraya shi da na ƙaramar hukuma.

Malam, idan ka amince da allo bayan wannan bayani, zan rubuta bayanin masu shaguna da waɗannan kalmomi in kawo maka ka duba kafin a karanta wa masu shaguna ranar kasuwa.

Amsar tsohon malamin

Na amince, ɗana. Ka dai tabbata ka rubuta jam'in daidai, alluna, sannan ka kai wa dagaci kwafi ɗaya, domin wurinsa ake fara kai ƙara idan rigimar wurin kafa allo ta tashi.