Muhawara: Shin fim ɗin Atlantique ya kauce wa gaskiyar teku?

Malam Habu:
Jama'a, ana ta yabon Atlantique na Mati Diop tun da ya ci kyautar Grand Prix a bikin fina-finai na Cannes a 2019. Ni dai ina ganin fim ne kan ƙaura ta teku da ya ƙi shiga tekun. Samari leburorin gini a Dakar an danne musu albashin watanni, suka hau kwalekwale zuwa Sifen cikin dare, shi ke nan ba mu ƙara ganinsu ba sai ruhinsu a jikin 'yan matan unguwa. La Pirogue na Moussa Touré, wanda ya fito a 2012, shi ne ya zaunar da mai kallo a cikin jirgin. Yaron da ke shirin tafiya, wanne zai tsorata shi?

Injiniya Bashir:
Ina bayanka, Malam. Daga gaɓar Senegal zuwa tsibiran Kanari na Sifen kusan kilomita 1,500 ne, tafiyar mako guda idan an dace. Jirgin kamun kifi ne na katako, babu rufi, da injin maƙalawa biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira. Jarkokin fetur su ke cinye wurin da ya kamata a zuba ruwan sha. Iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, igiyar ruwa kuma kudu take ja, don haka jirgin gaba da gaba yake da su, mai yana ƙarewa fiye da lissafi. Idan inji ya mutu, ko na'urar GPS ta jiƙe aka wuce El Hierro, tsibirin ƙarshe na Kanari, babu sauran ƙasa a gaba. An tsinci irin wannan jirgin a Tobago, can a tsallaken Tekun Atlantika, a 2021, duk mutanen ciki sun mutu. Wanda ya tashi daga ƙauyen Fass Boye na Senegal a Yulin 2023 da mutum 101, sai bayan fiye da wata guda aka gan shi kusa da tsibiran Kef Bad, 38 ne da rai. Ga fetur da ke gauraya da ruwan gishiri a ƙasan jirgi, yana ɗaye fatar wanda ya zauna a kai. Ko ɗaya daga cikin wannan babu a Atlantique.

Malama Rabi:
Injiniya, duk abin da ka faɗa haka ne, amma kun ɗora wa fim ɗin aikin da bai ɗauka ba. Idon Ada aka ba mu, yarinyar da ke son Souleiman, ɗaya daga cikin samarin da suka tafi, alhali an sa ranarta da Omar mai kuɗi. Ita ma ba ta ga nutsewar ba. Abin da ta sani shi ne jira, da waya da ba ta ƙara. Haka iyalai suke ji: babu gawa, babu wanka, babu likkafani, babu kabarin da za a tsaya a kai. A mazhabar Malikiyya, wadda mu da Senegal muke bi, matar da mijinta ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Iyalan waɗanda hamada ta cinye bayan Agadez sun san wannan zaman. Shi ya sa wurin da matattun suka tilasta wa mai ginin ya kawo kuɗinsu kuma ya haƙa musu kaburbura ya fi taɓa ni.

Ɗan'asabe:
Ƙari a kan maganar Malama: an ba da labarin hatsarin, da baki. Ɗaya daga cikin matattun ya gaya wa Ada yadda igiyar ta taso ta farfasa jirgin. Kuma shigar ruhi jikin mace ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san bori, ko ndëp, irin borin mutanen Lebu a can Dakar.

Malam Habu:
Na yarda da batun kabari, Malama, yana da nauyi. Inda nake nan daram shi ne dalili. Da yawa daga masu tuƙa jiragen nan masunta ne na Mbour da Saint-Louis da Kayar, waɗanda manyan jiragen waje da masana'antun garin kifi suka rage musu kamu. A 2006 mutum sama da 31,000 suka isa Kanari, a 2024 suka haura 46,000. Mugun ɗan kwangila guda ba zai ɗauki wannan nauyin ba.

Malama Rabi:
Ai ba a ce ya ɗauka ba, Malam. Amma dubi abin da suke ginawa: dogon bene na alfarma a bakin teku, su da ba a biya su ladan zuba kankarensa ba. Masunci da lebura duk guminsu ne wani ya ci. Idan za a haska wa matasa, a fara da La Pirogue, a biyo da wannan, kuma a zaunar da iyaye mata a wurin.

Injiniya Bashir:
Wannan tsarin na amince da shi, muddin tsakanin fina-finan biyu za a kafa taswira a nuna musu ƙanƙantar El Hierro da faɗin ruwan da ke bayanta.