Neman shawara: na ɗora wa Land Rover injin Toyota 3L, a ina za a walda kujerun inji?

Mai Land Rover, Gembu:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa masu sana'a. Ina da Land Rover Series III mai dogon shasi, wato 109, da nake dakon masara da dankali da ita tsakanin Gembu, Nguroje da ƙauyukan Mayo Ndaga. Injinta na asali, 2.25 mai fetur, ya gaji, yana shan baƙin mai, kayan gyaransa kuma sun yi wuya. Na sayi Toyota 3L ɗan Balgiyam, 2.8 mai gas, an kuma yi mini farantin da ya haɗa shi da giyabos ɗin Land Rover. Yanzu haka injin yana rataye a cen-bulok, wato sarƙar ɗaga kaya masu nauyi.

Matsalar ita ce kunnuwan da tsohon inji ke zama a kai ba su yi daidai da sabon ba. Mai waldanmu ya ce a sauke inji duk inda ya zauna, a yanko ƙarfe a cike gibin, a ƙona. Hankalina bai kwanta ba, domin wanda ya san gangaren Mayo Selbe da hanyoyinmu na damina ya san irin wahalar da mota ke sha. Ta ina ake fara awo? Wane kaurin ƙarfe ya dace? Kuma a jikin shasi kai-tsaye ake waldawa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon makanike, Jalingo:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka yi dabara da ka tsaya. Inji ba ya zaɓar wa kansa wurin zama, giyabos ne ke zaɓa masa. Ka bar giyabos da ogzileri, wato ƙaramin giyabos da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, a kan kujerunsu na asali, ka sa musu sababbin robobi tun kafin ka auna komai, domin in ka auna da tsofaffin da suka lotsa, awon duka ya tashi banza. In giyabos bai gusa ba, farfela ta gaba da ta baya ba sa buƙatar yanka ko ƙari, sandunan giya za su fito ta raminsu, birkin hannu da ke bayan ogzileri ma yana nan yadda yake. Gaba da baya ke nan an gama. Abin da ya rage maka shi ne hancin inji: sama ko ƙasa, dama ko hagu.

Ka ajiye motar a daɓe mai kyau, ka ɗora ma'aunin ruwa irin na magina a kan shasi, a tsaye da a gicciye. Ka ja zare a tsakiyar shasi daga gaba zuwa baya. Ba dole ne inji ya hau kan zaren ba, amma dole layinsa ya tafi kafaɗa da kafaɗa da shi. Tazarar da ka samu daga tsakiyar giyabos zuwa zaren, ita za ka samu daga tsakiyar notin fulin gaba. In hancin ya karkace gefe, robobin giyabos za su zauna a murɗe, kuros ɗin farfela kuma ba zai daɗe ba.

Mai Land Rover, Gembu:
Na gode Baba. To tsayin fa? Na ga in na sauke shi sosai bonet na rufuwa da sarari, amma kaskon baƙin mai yana matsowa kusa da aksul.

Tsohon makanike, Jalingo:
Nan ne aikin yake. Abin da kake gani mota na tsaye babu kaya, ba shi ne gaskiya ba. A Land Rover tulun aksul ɗin gaba yana ɓangaren dama, kuma shi ne ke fara dukan kasko in sifirin ya lanƙwashe. Duba saman aksul, akwai roba a jikin shasi da ke tare shi in ya taso. Auna daga aksul zuwa robar nan. A ce ka sami santimita 8, to tsakanin kasko da tulu ya zama 8 ɗin, ka ƙara aƙalla 3, domin robar kanta tana matsewa in aka faɗa rami da kaya. Kar ka tsaya ga tef kaɗai. Loda buhuna, ka ɗaga tayar gaba ta dama da jak har aksul ya taɓa roba, ka leƙa da idonka. Ka maimaita a hagu, sannan ka murɗa sitiyari iya ƙarshe dama da hagu ka ga ko sandunansa na gogar wani abu.

Ka kuma binciki daga wace mota aka cire injin, don kaskon 3L na Hiace daban yake da na Hilux. Wani lokaci canza kasko tare da bututun da ke zuƙo mai da sandar awon mai ya fi sauƙi a kan ɗaga inji har ya tokare bonet. Inji yakan zauna bayansa ya ɗan fi gabansa ƙasa, kamar digiri 3. Akwai manhajar auna kwana a waya, ka ɗora a fuskar da farfela ke ɗaurewa a ogzileri, ka ɗora a ta aksul ɗin baya, kar bambancinsu ya wuce digiri 1 ko kusa da haka.

Mai walda, Panteka Kaduna:
Maigida ya gama maganar awo, bari in yi ta wuta. Ɗan'uwa, don Allah kar ka yarda a manna kunne mai kauri kai-tsaye a bangon shasin nan. Shasin Series akwati ne, bangonsa kuma siriri ne, kuma motar da ta shekara arba'in ko fiye a wuri mai ruwa irin Mambila tana cin tsatsa ta ciki, waje na kyalli. Ka bi wurin da guduma tukuna. In sautin ya mutu ko ƙarfen ya lotsa, a yanke a sa sabon faci kafin a yi zancen kujera.

In bangon lafiya yake, a fara shimfiɗa faranti mai milimita 3 wanda ya fi gindin kunnen faɗi sosai, don nauyi ya bazu. Kar a yanka shi murabba'i. A fiƙe bakinsa na gaba da na baya, a zagaye kusurwoyi, domin dogon layin walda da ya sauko tsaye daga saman shasi zuwa ƙasa shi ne inda tsagewa ke farawa, musamman a motar da ke murɗewa kullum a kan duwatsu. Haka nan kar a gitta walda a saman shasi. A huda farantin wuri biyu ko uku a tsakiya a cike ramukan da walda, ya kama ta ciki ma. A kan wannan faranti ne kunnen zai zauna, ƙarfe mai milimita 5 ko 6, da 'yan tokare masu kusurwa uku a gefe biyu. Ka fara yanka siffar da kwali, ka gwada, ka gyara, sai ta zauna sannan a kwafa a ƙarfe. A bar ƙaramar kafa a ƙasa don ruwa da laka su riƙa fita.

Wani mai walda, Kofar Ruwa Kano:
Na yarda da duka, sai dai ni sandar walda mai lamba 7018 nake ba da shawara a wurin da ke ɗaukar girgiza. Ta fi mai lamba 6013 da aka saba walda da ita juriya nesa ba kusa ba.

Mai walda, Panteka Kaduna:
Gaskiya ne Oga, amma a duba wurin. Tsakanin kunne mai kauri da faranti, 7018 ya yi, in injin waldan zai iya riƙe shi kuma sandunan a bushe suke, don in suka sha danshi waldar ramuka take yi, ga shi Gembu ba a rabuwa da hazo. Amma tsakanin faranti da siririn bangon shasi, hannun da bai saba ba huda shasin zai yi. A nan na fi son siririyar sanda, geji 12, da wuta ƙasa-ƙasa, a yi taƙi kaɗan a tsallaka wani gefe, a bari ya huce, a dawo. Kyakkyawar waldar 6013 ta fi 7018 mai ramuka.

Direban daji, Agadas:
Sannunku da aiki. Abu biyu daga wanda ya daɗe a kan yashi da dutse. Na farko, gas mai silinda 4 yana girgiza fiye da fetur, don haka ka nemi robar injin gas, kuma irin wadda ake samu a kowace kasuwa, kamar ta Hilux, yadda in ta yage a ƙauye za ka sami madadi. Ka tsara kunnen bisa robar, a kishingiɗe kamar yadda take a motarta. Roba tana zama in nauyi ya hau, saboda haka a ɗaga inji kamar milimita 5 sama da inda ake so kafin a ɗiga walda.

Na biyu, in ka sa ƙaramar giya kana hawan tudu, inji yana yunƙurin juyawa, yana danne robar dama yana fizgar ta hagu sama. Ta hagun ce ke fara rabuwa. Ka ɗaura 'yar sarƙa mai ɗan sako-sako daga inji zuwa shasi a wannan gefen. A gangare kuma inji gaba yake zamowa, sai ka bar santimita 2 zuwa 3 tsakanin fanka da lagireto. Na ga lagireton da fanka ta tsaga a inda babu ruwan sha ma, balle na mota.

Mai lantarkin mota, Yola:
Kafin a kunna injin walda, a cire kan batir duka biyu da wayoyin altaneta, a maƙala as, wato wayar injin walda da ake kamawa a jikin ƙarfe, a kan shasi dab da wurin aiki, kar wuta ta bi ta cikin boris ɗin inji ko giyabos. Tankin da ke ƙarƙashin kujera fetur ya riƙe shekara da shekaru, ko babu mai tururinsa na nan. A sauke shi gaba ɗaya a kai nesa. A kuma janye bututun birki da na mai da ke bin jikin shasi.

Mai Land Rover, Gembu:
Allah ya ƙara girma, na karanta wa mai waldanmu duka kuma ya amince. Mun buga guduma, hagu garau, dama kusa da kunnen tsohon inji ya lotsa, za a yi faci. Tambaya ta ƙarshe Baba: za a iya gama waldar inji na kai, ko sai an sake fitar da shi?

Tsohon makanike, Jalingo:
A ɗiga kawai inji na kai, wuri uku ko huɗu a kowane kunne, da jiƙaƙƙen tsumma a kan roba don kar ta ƙone. Sai a sassauta cen-bulok nauyi ya sauka, ka sake auna komai: zare, kasko, fanka, sitiyari, hanyar salansa, ka kuma tabbata filtar mai za ta kwance kuma sifana za ta shiga notin kujerun. In duk sun yi, a fitar da inji a yi walda ta sosai, don akwai lungunan da sanda ba ta kaiwa in yana ciki. A goge, a shafa jan fenti. Ramin noti a kunne ɗaya ka yi shi ɗan dogo, zai sauƙaƙa maka mayarwa. Bayan makon farko na aiki ka sake ɗaure notocin, ka haska tocila a bakin waldar ka duba ko akwai siririn layin tsatsa. Facin dama ɗin nan kuma, a yi shi ya wuce inda ya ruɓe da kamar faɗin tafin hannu kowane gefe, ka turo hotonsa mu gani kafin a ɗora faranti.