Idan gwamnati ta nemi saƙonninmu na imel, kamfani zai miƙa mata?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina aiki da wata ƙungiya mai karɓar koke-koken waɗanda aka zalunta, kuma yawancinsu ta imel suke turo mana bayani, har da sunaye da hotunan takardu. Akwatinmu na Gmail ne. Idan wata gwamnati ta nemi Google ya ba ta waɗannan saƙonni, zai bayar? Za a sanar da mu? Amana mutanen nan suka ba mu, abin yana hana ni barci.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Zai bayar, matuƙar an zo masa da umarnin kotu da ya cika ƙa'ida. Google kamfanin Amurka ne, dokar can ta sirrin saƙonnin lantarki ce ke hawa kansa, kuma tun 1986 aka yi ta. A cikinta, saƙon da ya wuce kwana 180 a rumbun kamfani ana iya karɓarsa ba tare da takardar izinin bincike daga alƙali ba. Sai a 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce dole a samo wannan izini, manyan kamfanoni kuma suka riƙe hukuncin. Batun sanarwa, suna sanar da mai akwati idan doka ta bari, amma kotu na iya ɗaure musu baki.

Kada kuma a ruɗe ki da cewa an ajiye saƙon a wata ƙasa. Microsoft ya yi shekaru yana shari'a da gwamnatin Amurka kan imel da ya ajiye a Dublin ta ƙasar Ireland, har Kotun Ƙolin Amurka. Kafin a yanke hukunci, majalisa ta yi dokar CLOUD a 2018, wadda ta ce duk inda kamfanin Amurka ya ajiye bayani, tilas ya kawo shi. Gwamnatocin wasu ƙasashe kuwa galibi ta yarjejeniyar taimakon shari'a suke bi. Hanyar tana da jinkiri, amma tana ɓullewa.

Amsa ta biyu:
Ku koma kamfanin imel na Proton Mail kawai. A Suwizalan yake, kuma su kansu ba sa iya buɗe abin da ke cikin akwatinki.

Amsa ta uku:
Ɗan uwa, ban ƙi ta taka ba, amma da sauran magana. A 2021 hukumomin Suwizalan sun tilasta wa Proton miƙa adireshin intanet (IP, lambar da ke nuna inda na'ura ta hau intanet) na wani ɗan fafutukar kare muhalli a Faransa. Ba su karanta saƙonsa ba, duk da haka sun gano shi. Wa ya rubuta wa wa, da wane lokaci, daga ina, wannan kaɗai ya isa ya tona asirin mai ƙorafi. Sannan in shi mai turo miki Gmail yake amfani da shi, kwafin saƙon yana nan zaune a akwatinsa, komai kulle naki.

Ni dai shawarata, 'yar uwa, ki rage abin da kike tarawa. Ku tsayar da wa'adi: an gama da ƙorafi, a sauke shi a kwamfuta mai kulle, a goge daga akwati, a share kwandon shara. Sunaye da hotunan takardu a daina karɓarsu ta imel, a koma manhajar saƙo ta Signal, a kunna ɓacewar saƙo. Da aka kai wa Signal sammaci a 2016, abin da suka iya bayarwa shi ne ranar buɗe asusu da ranar da aka shiga na ƙarshe.

Amsa ta huɗu:
Gyara ɗaya. Idan takardar kotu ta riga ta iso, kada a taɓa goge komai, laifi ne babba. Hukuma ma na iya sa kamfani ya adana kwafi na kwana 90 tun kafin ki sani. Ku zauna da lauya ya rubuta muku tsarin gogewar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa shugabanninmu maganar wa'adin gogewa da ta lauya. Saura tsofaffin saƙonnin da suka taru: mu sanar da masu su kafin mu goge, ko sanarwar ma wani sawun za ta bari?